Gonar Yaya Ta Fito Ja

Ni direba ne, ban taɓa zama wani abu ba bayan wannan. Lakol kaɗan na yi, iyakar in karanta allon hanya, in rubuta abin da ke raina ba sai na nemi wani ba. Sauran abin da na sani a bakin waɗanda na ɗauka na tsince shi. Na ɗauki likitoci, na ɗauki masu haƙa rijiya, na ɗauki masu yi wa shanu allura. A shekarun da sojoji suka yarda za su sauka, jam'iyyu suka yi ta fitowa kamar ciyawar farkon damina, motar jami'a nake ja a Yamai. Wanda na fi ɗauka wani malami ne mai koyar da yadda ake karanta hoton ƙasa, irin wanda tauraron ɗan adam ke ɗaukowa daga sama.

Siriri ne, mai ciwon ciki, ba ya cin yaji, ba ya dariya sai can ba a rasa ba. Ƙasar waje ya yi karatu, ya dawo ya ishe ordinatar, wato kwamfuta, guda tal a wani ɗaki mai sanyi, ita ce ta ajin gaba ɗaya. Ɗalibai su yi mata layi kamar a bakin famfo. Hoton kuwa ba a takarda yake zuwa ba, naɗe yake zuwa a wani faifai mai faɗin murfin tukunya, ni nake ɗauko shi in kawo. Su sa wa injin, ya yi ta niƙa, in ya kusa gamawa wuta ta ɗauke. In wuta ta dawo, ɗalibai sun tafi yaji. In ɗalibai sun dawo, malamai sun tafi nasu. Shekarar nan ƙofar jami'a ta fi daɗewa a rufe bisa a buɗe. Na sha zama bakin ɗakin ina jiran a sallame ni, karatun na fitowa ta taga yana shiga kunnena ko ban so ba.

"Wannan ba hoto ba ne," haka yake fara wa kowane sabon aji. "Lambobi ne. An yanka ƙasa ƙanana-ƙanana, kowane yanki bai fi tsakar gidan mai gari ba, kowane da lambar hasken da ya mayar sama. Injin zai tara masu kama da juna wuri ɗaya. Ya san wannan da wancan ba iri ɗaya ba ne, amma bai san sunan ko guda ba. Bai san gonar hatsi ba, bai san saura ba, bai san burtali ba. Ƙafarku ce za ta je ta gano, ta dawo ta faɗa mashi."

Abin da ya fi ɗaure mani kai shi ne launi. In an buga hoton a takarda, duk inda ke da ɗanyen ganye ja yake fitowa. Wata rana a mota na tambaye shi, na ce Malam, ganye dai kore ne ko a Turai, me ya kawo ja? Ya ce ɗanyen ganye na mayar da wani irin haske da idon mutum ba ya gani, tauraron shi yana ganinsa, to tilas a ara mashi launi, kuma masu aikin duk duniya sun saba ara mashi ja. Na ce to. Ban gamsu ba, amma ba a ɗauke ni aiki don in gamsu ba.

Da aka ɗan janye yajin, cikin bazara, sai ya ce mu tashi maza. Hoton ƙasarmu ta Maraɗi ne a hannunsa, na rani, kuma itatuwa yake son ɗalibansa su koyi ganewa. Gawo shi ne ke da ganye da rani, in ruwa ya sauka ya zubar. In muka bari damina ta faɗi, abin da ke takarda da abin da ke ƙasa ba za su haɗu ba. Muka loda ɗalibai da tabarmi da jarkokin ruwa, da wani dogon bututun kwali da takardun ke ciki, wanda ya fi kula da shi bisa cikinsa.

Daga wajen Gidan Rumji muka faro. Aikin ba wuya gare shi ba, gajiya gare shi. Malam ya ɗiga alƙalami a takarda, ya ce nan za mu. Ni in duba agogon kilomita, wani ɗalibi ya riƙe ƙaramin agogon da ke nuna gabas da arewa, mu bar hanya mu faɗa yashi. Mota ta kafe, mu tono ta, ta sake kafewa. In mun isa, su ja igiyar awo, su ƙirga itace, su rubuta ko sabara ce ko kalgo ko gawo. Shi kuma yana tsaye cikin rana yana yi masu tambaya kamar suna aji. Duk garin da muka tsaya, abin da ake fara tambayarmu shi ne wace jam'iyya ce. A wani ƙauye kusa da Cadawa wata tsohuwa ta riƙe ƙofar mota ta ce ita atamfa take so ba gishiri ba, na jiya gishiri suka kawo. Na ce Inna, mu itace muke ƙirgawa. Ta ce, "Su ma za su jefa ƙuri'a?" A Agiye muka wuni a buro ana neman wanda zai buga mana hatimi, don ba wanda ya san ko shi ne mai wurin har gobe.

Cikin ɗaliban akwai mace guda, ita ta fi su kai, ita ta fi su baki. Baba direba take ce mani, kuma ita kaɗai ke tuna cewa direba ma yana shan ruwa.

Tun muna Yamai akwai wani wuri a takardar da ya hana Malam sakat. Gabas da Gazawa, wajen Gangara, inda duk jigawa ta fito fari-fari, sai ga wani ɗan yanki ja kamar an ɗiga jini a farin zane. Da farko ya ɗauka injin ne ya yi shirme. Ya sa ɗalibai suka sake aikin, jan ya sake fitowa. Ya ce ko fadama ce, taswira ta ce babu fadama a wurin. Ran da muka sauka Gazawa ya shimfiɗa takardar bisa bonet, yana gwada mani inda za mu bi da safe: ga hanya, ga inda ta karkata, ga wani tabki busasshe, ga gari. Na ce Malam, ai garinmu ne. Jan nan kuwa, in arewa da tabkin yake, gonar yayana ce.

Yaya ya girme ni nesa. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni wurin mai gareji da lakol ta ƙi ni. Bai taɓa wuce Maraɗi ba. Gonarsa yashi ce zalla, a da in ya yi shuka iska ta binne, ya sake ta sake binnewa. Bayan shekarun yunwa sai ya canza yadda yake sassabe. Mutanenmu in bazara ta yi sukan share gona tas, su sare duk tohon da ya fito daga kututture, su tara su ƙone. Shi sai ya riƙa zaɓen toho mai ƙarfi a kowane kututture ya bar shi, ya datse na gefe. Aka yi ta yi mashi dariya, ana cewa gonar malalaci, tsuntsaye sun samu masauki. Bai kula ba. Shekara na bin shekara, tohon ya zama itace, har ya fi mutum tsawo, hatsin da ke ƙarƙashin gawo ya riƙa fin na fili kai. Masu dariyar suka fara aiko ɗiyansu roƙon ƴaƴan gawo don awaki. Itatuwan nan su ne abin da ya tara a duniya. In na zo gida ba ya tambayata labarin Yamai, gona yake ja na ya nuna mani wanda ya ƙara tsawo.

Akwai kuma wani labari da yake yawan bayarwa, wanda na ji har na daina jinsa. Zamanin Nasara, ina goye, mahaifinmu na da wata gona a bakin daji, mai itatuwa da yawa. Wata rana malaman daji suka zo da turakun siminti masu jan fenti a ka, suka kafa, suka ce daga nan zuwa can gandun daji ne na gwamnati. Gonar ta faɗa ciki. Yaya yana wurin, shi ke riƙe da fartanyar tsohon. Bayan tafiyar Nasara ma ba a maido ba, kuma doka ta ci gaba da cewa gawo ko a tsakar gonarka yake ba naka ba ne, in ka sare reshe ba takarda sai ka kwana a hannun hukuma. Ga shi a shekarar da nake magana ana ta raɗe-raɗin cewa ana rubuta sabuwar dokar gonaki a Yamai. Kowa da irin abin da ya ji. Wani ya ce za a ba mai noma, wani ya ce za a karɓe wa mai aro, wani ya ce za a ƙara gandun daji don Turawa sun ce sai an yi haka za su ba da taimako. Duk wannan na san shi. Amma a Gazawa, bisa bonet, abin da na ji kawai daɗi ne, gonar gidanmu ta fito har sama.

Mun isa garin bayan azahar. Aka kawo fura, aka yi gaishe-gaishe, aka tsokane ni cewa na yi tumbi da shinkafar gwamnati. Bayan la'asar muka je ƙofar mai gari, maza suka taru. Mai gari ya ce, to Malam, ba ku da tuta, ba ku da lasifika, me ke tafe da ku?

Malam mutum ne da in ya ga kunnuwa a jere ba ya iya haƙuri, sai ya koyar. Ya zaro takardar daga bututu, ya shimfiɗa bisa tabarma, aka danne kusurwoyin da takalma. Ya fara da maganar lambobi, ɗalibar nan ta ga ya yi nisa, ta karɓe. Ta ce ku ɗauka shaho ne ya tashi sama sosai ya leƙo garinku. Ga hanyar Gangara. Ga tabki. Ga burtalin da Fulani ke bi. Nan take wuri ya ɗau hayaniya, kawuna suka haɗu. Wani ya ce a nuna mashi gidansa. Wani ya ce mashi, "Gidanka da ko akuya ba ta gani daga ƙofa, shi za a gani daga sama?" Aka yi dariya. Rabona da in ga mutanen garin nan suna dariya tare tun kafin jam'iyyu su raba masu majalisa biyu.

Sai limamin gari ya sa yatsa ya ce, "Wannan jan fa?"

Malam ya gyara zama, fuskarsa ta saki. Ya ce abin da ya kawo mu ke nan. Gonar wa ce? Aka juya aka dubi Yaya, yana can baya zaune bisa takalminsa.

"Baba, matso ka gani," in ji Malam. "Tun daga Gidan Rumji har nan ban ga gona irin taka ba. Babu inda itace ya taru haka a cikin gona. In na koma Yamai sai na nuna wa manya wannan wuri, su san akwai shi."

Dariyar ta tsaya. Ni a lokacin na ɗauka kunya ce irin ta mutanenmu in an yabi ɗaya a gaban saura. Wani daga gefe ya ce, "To, ka yi suna har sama," amma ba wanda ya taya shi. Yaya ya matso, ya durƙusa, ya daɗe yana kallo. Bai taɓa takardar ba.

"Malam, wa ya shafa mata jan?"

"Ni ne, Baba, a cikin injin. Duk inda itace yake haka muke yi."

"Wa ya ce ka shafa?"

"Ba wanda ya ce. Haka aikin yake."

"Gwamnati na da irin wannan takarda?"

"Ai ita ta samo mana hoton."

Yaya ya ce madalla. Ya koma inda yake, ya zauna. Da aka tashi sallar magariba ya riga kowa tafiya. Wajen cin tuwo tambaya ɗaya ya yi mani, ya ce yaushe Malam da ɗalibansa za su shiga gonar da igiyarsu. Na ce gobe, in mun dawo daga wajen rugar Fulani, don can Malam ya tsara mu fara. Ya ce to. Matarsa ta dube shi, ta dube ni, ta kwashe kwanuka.

Da safe muka yi arewa. Wurin da Malam ya ɗiga yana bayan rugar, mota ta kafe mana har sau ban san adadi ba, ga wani Bafulatani ya biyo mu yana son sanin ko burtalin za a rage. Sai da rana ta take tsaka muka juyo. Tun kafin mu hau tudun da ke gaban tabki na kashe mota don ruwanta ya tafasa, shi ne na ji ƙarar. Gatari ba ɗaya ba. Lokacin sassabe ne, jin gatari ba abin mamaki ba ne, amma sassabe ba ya yin wannan nauyin sauti. Wannan sautin itace mai jiki ne.

Da ƙafa muka ƙarasa. Yaya ne da manyan ɗiyansa biyu, da wani maƙwabcinsa. Tun asuba suke. Gefen gabas na gonar duk ya kwanta, gawo bisa gawo, ganyen bai ko yi yaushi ba, awaki sun shigo suna ci. Mata na jan rassa. Warin ɗanyen itace ya cika wurin.

Na ce, "Yaya, lafiya? Me ke nan?"

Bai tsaya ba sai da wanda yake sara ya faɗi. Ya share fuska da hular kansa. "Sassabe nake."

Malam ya iso yana haki, bututun a hammata. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. "Baba! Baba, don Allah dakata! Me suka yi maka?"

"Su ba su yi mani komai ba. Kai ka ce ka shafa masu ja."

Sai a nan Malam ya gane, ni ma sai a nan na tuna turakun nan masu jan fenti. Ya durƙusa cikin yashi mai zafi, ya zaro takardar, ya shimfiɗa. Ya ce wannan jan ba alamar hukuma ba ce. Ya yi bayanin hasken da ido ba ya gani. Ya nuna mashi lambunan bakin gulbi can wajen yamma, ya ce duba, su ma ja ne, wa ya karɓe su? Ya rantse da Allah shi malamin makaranta ne, ba ruwansa da gandun daji, yara yake koya wa aiki. Yaya ya jingina da ƙotar gatari yana saurare har ya gama, bai katse shi ba.

"Na yarda da kai, Malam. Fuskarka ba ta macuci ba ce. Amma takardar nan, in ka mutu, da kai za a binne ta?"

"A'a."

"To wa zai riƙe ta bayanka? Yau ko wanda zai mulki ƙasar ba mu sani ba. Na bara ya tafi, na bana an ce na wucin gadi ne, na baɗi yana can yana rabon gishiri. Wani zai zo ya buɗe, ya ga fari ko'ina, ya ga ja wuri ɗaya. Shi ma za ka bi shi ka yi mashi bayanin hasken da ba a gani?"

Malam ya sake duban takardar. Can ya ce, "Zan iya canza launin. In na koma, in sa injin ya mai da shi kore. Abu ne mai sauƙi."

Yaya ya ɗan ɗago. Na ga maganar ta shige shi. Ɗiyansa ma suka sauke gatura. "In ka canza, ya canzu duka? Har na wurin gwamnati? Har na wurin Turawan da suka ɗauka?"

Ɗalibar tana bayan Malam, na ji ta ce mashi a hankali da Faransanci ya ce e. Wannan kam na ji, don e da a'a ko direba ya san su. Ni ma na zuba mashi ido, ina roƙonsa a zuci. Kalma guda ce. Yaya ba zai taɓa zuwa Yamai ya bincika ba. Fiye da rabin gonar na nan tsaye a lokacin.

Malam ya dubi ɗalibansa, duk suna kallonsa. Ya dubi Yaya. Ya ce, "A'a, Baba. Nawa kaɗai zan iya canzawa. Duk wanda ke da faifan, in ya buga yadda aka saba, ja zai gani."

Yaya ya gyaɗa kai kamar wanda aka faɗa wa farashin da ya riga ya sani. Ya ce wa ɗiyansa, "Ku ci gaba."

Na daɗe ina jin haushin Malam kan wannan a'a, ba zan ɓoye ba. Na ɗauki mutane da yawa masu yin ƙarya a kan abin da bai kai wannan ba, su yi barci lafiya. Shi da aka zo inda ƙarya za ta yi amfani sai ya kasa. Daga baya, kan hanya, ɗalibar ta faɗa mashi haka a gabana, ba ta sassauta ba. Abin da ya ce kawai shi ne, in ya yi wa tsohon ƙarya a kan abin da takardar ke nunawa, a gaban waɗanda yake koya wa karanta ta, to me ya rage da zai koya masu. Ban ce ya yi daidai ba, ban ce bai yi ba. Na faɗi abin da ya faɗa ne.

Ni ma na gwada nawa. Na ja Yaya gefe, na ce shekarun da ka yi kana renon itatuwan nan fa? Na ce ka bari in koma Yamai in tambaya, ina ɗaukar manya, zan ji gaskiyar dokar. Ya ce, "Kai da ke jiran su a bakin ƙofa?" Ba da faɗa ya faɗe ta ba. Ya ce gona in ta tafi ba ta dawowa, ya gani da idonsa. Itace kuwa saiwarsa na ƙasa, shi ya fi kowa sanin haka. In ƙasar ta zauna, aka san mai ita, sai a gani. Manyan gawo na tun kakanni, waɗanda ba su fi a ƙirga da yatsu ba, ya ce ba zai taɓa su ba, don malaman daji sun san da su, saran su shi ne neman fitina. Nasa na hannunsa kuwa ba wanda ya san da su sai jiya.

Ƙasar ba ta zauna da wuri ba, kowa ya sani. Shi kuma har ya bar duniya bai sake barin toho ya wuce gwiwa ba. Maƙwabtan da suka fara kwaikwayonsa su ma a satin nan suka share nasu.

Abin da Malam ya yi bayan a'arsa shi ne abin da ya iya. Ya naɗe takardar, ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya ce wa ɗalibai su fito da igiya. Suka tsaya suna kallonsa. Ya ce, "Aiki muka zo. Hoton na watannin baya ne, ƙasa ta yau ce. Ku rubuta abin da kuka ishe, ba abin da kuka so ku ishe ba. Ku auna kututturen, ku rubuta ranar." Suka shiga bin kututture ɗaya bayan ɗaya, ruwan itacen na manne masu a yatsu, masu sara na gaba suna ƙara masu aiki. Ɗalibar tana rubutu tana share ido da bakin mayafi, tana zagin wani ɗalibi da ya riƙe igiyar a karkace.

Can Yaya ya sauke gatari, ya je inda tulun ruwa yake a inuwar da ta rage, ya sha, ya ɗebo a moɗa ya kawo wa Malam da hannunsa. Malam ya karɓa.

"Malam, abin nan na sama, zai sake wucewa?"

"Kullum cikin wucewa yake."

"In ya sake ɗauka, wane launi za ta fito?"

"Fari-fari. Kamar ta kowa."

"Alhamdu lillahi," in ji Yaya.

Ya juyo wajena, yana dafe da ƙugu. Ya tsufa a wunin nan, ko kuwa ni ne ban lura ba sai ranar. Ya miƙo mani gatarin ta ƙota.

"Karɓi nan, bayana ya riƙe. Ka faro daga na bakin iyaka, ka yi ƙasa-ƙasa da sara, kada ka bar dogon kututture."

Na dubi Malam, ya kau da kai. Shi ke ba ni umarni a mota, amma nan ba mota ba ce, kuma Yaya shi ya yi mani aure. Na tuɓe rigar aiki na rataye a reshe. Rabona da gatari tun ina saurayi, saran farko ya goce, ɗiyan Yaya suka yi mani dariya, babban ya ce Baba ƙarami, ba sitiyari ba ne, riƙe shi da kyau. Na gyara tsayuwa. Gawon bai fi kaurin cinyata ba, ɗanye shar, bai yi gardama ba. Da ya faɗi, wani ɗalibi ya matso da igiya ya ce in ɗan ja baya zai auna. Na ja baya, ya auna, na wuce na gaba.